Hoton malam-buɗe-littafi da waya: laifin wayar ne ko nawa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masu ɗaukar hoton ƙwari. Tunda ruwa ya zauna bana, wani fili da ke bayan unguwarmu ya cika da tafasa, malam-buɗe-littafi kuwa ba a magana: farare, masu ruwan ɗorawa, da wasu manya masu ruwan goro. Nakan leƙa bayan azahar in na rufe shago na ɗan lokaci. To amma duk abin da na ɗauka dishi-dishi yake fitowa, ko kuma ganye ya fito tar, shi kuwa gogan ya zama inuwa. Sau tari ma kafin in danna ya tashi. Waya ce a hannuna, ba wata mai tsada ba. In sai an sayi kyamara ku gaya min in haƙura tun yanzu.

Nura Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Yaya, gaskiya ɗaya ce, waya ba za ta yi maka wannan aikin ba. Kyamara ake nema da gilashin makro, irin mai milimita 100, wanda zai ba ka damar tsayawa nesa kaɗan amma abin ya cika hoto. Sannan ka sa saurin ƙiftawar kyamarar a 1/1000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Waɗannan hotunan da kake gani a Instagram har ana ƙirga gashin jikin ƙwaro, ba da waya aka yi su ba.

Baban Ilham:
Shi ke nan, Nura ya kashe min gwiwa tun ban tashi ba.

Malam Habu Samaru:
Kada gwiwarka ta mutu, Baban Ilham. Tun a layi na uku na ga inda matsalar take: ka ce bayan azahar kake zuwa. Ko kyamarar Nura aka ba ka a wannan lokacin, wahala za ka sha.

Wannan halitta jikinta ba ya yin ɗumi da kansa, daga rana take aro. Da sassafe tsokar da ke kaɗa fiffike a sanyaye take, sai ya sami ganye ko ƙasa ya shimfiɗa fiffikensa yana shan hantsi. Wannan shi ne lokacinka. Daga ƙarfe bakwai zuwa tara, musamman in an kwana ana ruwa gari ya waye da sanyi-sanyi, za ka matsa har tazarar taƙi ɗaya bai motsa ba. Da rana ta take kuwa jikinsa ya ɗau zafi, ba ya daɗewa a kan fure ɗaya, ga hasken tsakar rana yana ƙone farin fiffike a hoto, ya fito fari fat babu zane.

Akwai kuma lokaci na biyu, gab da magariba. Ka duba kan dogayen ciyayi, za ka ga ƙananan nan masu shuɗi-shuɗi sun kama kara sun haɗe fiffike, a nan za su kwana. In ka lura da wurin, ka dawo bayan sallar asuba gari na wayewa, za ka same su da raɓa a jiki.

Abu biyu kuma da ke korar su fiye da komai: inuwarka in ta faɗa musu, da motsi na farat ɗaya. Ka zagaya ta inda inuwarka za ta faɗi can gefe. Ka durƙusa tun daga nesa, ka miƙa hannun da wayar take a hankali, kai tsaye, ban da kaɗawa hagu da dama.

Zainab Jos:
Allah ya ƙara wa Baba Habu lafiya. Bari in ɗora da abin da ya shafi wayar kanta, don ni ma da ita nake yi, kuɗin makaranta bai bar ni na yi mafarkin kyamara ba.

Dalilin da ganye ke fita shi bai fita ba, wayar ce ke zaɓar abin da ta ga dama. Ka ɗora yatsa a kansa a fuskar wayar ka riƙe har ta kulle a wurin. Wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, ka ja ta ƙasa kaɗan in fari ne kake ɗauka. Kada ka kai wayar bakinsa, yawancinsu in an matsa sosai ba sa iya gani. Ka tsaya baya kaɗan ka sa zum na 2. Kada ka wuce 3, daga nan hoton sai ya fara farfashewa.

Kuma ka daidaita bayan wayar da shimfiɗar fiffiken, su fuskanci juna sosai. In ka ɗauka a karkace, gefe ɗaya zai fita, ɗayan ya dushe. In ya haɗe fiffike, kai ma sai ka kwanta ka zo masa ta gefe. Riga za ta yi datti, babu makawa.

In ya ƙi zama, bidiyo nake yi masa, in na koma gida in bi a hankali in ciro inda ya buɗe. Bai kai hoto kyau ba amma ya isa a gane ko wane iri ne.

Nura Mai Hoto:
Ƙanwata, a gane iri daban, hoton da za a buga a rataye a falo daban.

Zainab Jos:
Yaya Nura, shi Baban Ilham bai ce zai buɗe situdiyo ba ai.

Baban Ilham:
Haha. Na gode ƙwarai. Malam, to waɗannan fararen da suka yi wa tafasar caa, me suke nema? Ban ga wani furen kirki a wurin ba.

Malam Habu Samaru:
Ƙwai suke sakawa. Wannan farin mai ɗan kore-kore, masana suna kiransa Catopsilia florella, kuma tsutsarsa ganyen tafasa da rai-ɗore take ci. Na ruwan ɗorawar da kake gani tare da su, da yawansu matan ne, iri ɗaya ne. Ka tsaya ka zuba wa mace ɗaya ido: za ta sauka a ganye, ta ɗan daddaɓa shi da ƙafa, don da ƙafa suke ɗanɗano, ta lanƙwasa ciki ta ajiye ƙwai ɗaya, siriri fari a tsaye, ta tashi zuwa wani ganyen. Ka bar binta a guje, ka zaɓi tafasa ɗaya mai sabon toho ka zauna kusa da ita.

Wannan shi ne abin da nake so matasa su gane. Kowane iri yana da shukar da 'ya'yansa ke ci, ba ya saka ƙwai a wata. Wanda ya san itatuwan garinsu ya riga mai tsadar kyamara zuwa wurin. Mai ruwan goron da ka ambata, in gefen fiffikensa baƙi ne da ɗigo-ɗigon fari, kuma yana tafiya a hankali ba ya gaggawa, Danaus chrysippus ne. Nemi tumfafiya a kusa, za ka same ta.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Malam, wanga batu na tumfafiya gaskiya ne. Nan wajenmu bakin gulbi tumfafiya ta hi komi yawa, kuma na sha ganin tsutsa bisa ganyenta, mai zane hwari da baƙi da rawaya, da wasu 'yan zare-zare baƙaƙe bisa bayanta. Abin da ka ba ni mamaki, itacen da ko akuya ba ta damu da shi ba in yana ɗanye, ya aka yi tsutsa ka cin shi ba ta mutu ba?

Malam Habu Samaru:
Malam Isuhu, ba ma kawai ba ta mutuwa ba, ajiye dafin take yi a jikinta. Wannan farin ruwan tumfafiya yana da sinadarin da ke taɓa zuciya. Tsutsar ta ci ta tara, ta rikiɗe da shi, malam-buɗe-littafin ya fito da shi a jikinsa. Tsuntsun da ya ci ɗaya zai yi amai, ba zai sake kusantar mai wannan launi ba. Shi ya sa yake tafiyarsa a natse, kuma shi ya sa ya fi kowa sauƙin ɗauka. Duk mai koyo da shi ya kamata ya fara.

Ga inda abin yake da daɗi. Akwai wani iri daban, Hypolimnas misippus, ba shi da wannan dafin. Namijin baƙi ne da manyan tabo farare da shuɗi-shuɗi ke kewaye da su in rana ta haska. Macen kuwa ba ta kama da mijinta ko kaɗan, kamar mai dafin ta ɗauko sak, tsuntsu ya gan ta ya kauce. In kana so ka bambance, dubi fiffiken baya: na tumfafiya yana da ɗigon baƙi uku a tsakiya, namijinsa huɗu, ita kuwa mai aron kama ɗaya gare ta, can wajen sama. Kuma irin na tumfafiya da muke da shi a Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne, saɓanin hotunan Indiya da za ku riƙa gani a intanet, wanda duk jikinsa ruwan goro ne. Kada wannan ya rikita ku.

Kai da kake Maraɗi kana da abin da mu nan Zariya ba mu cika samu ba. Inda anza da jiga da bagayi suke, a nan ake samun ƙananan farare masu jan baki ko ruwan goro a ƙarshen fiffike, dangin Colotis, da wani fari mai jijiyoyi ruwan ƙasa, Belenois aurota, wanda wani lokaci yake tasowa da yawa yana bin hanya ɗaya. Na busasshiyar ƙasa ne su.

Isuhu Maraɗi:
Anza kam muna da ita, har 'ya'yanta munka ci shekarun wuya. Zan duba in sha Allahu.

Maman Khalil:
Sallama gare ku. Ina ta karantawa ina jin daɗi, bari in sa baki da nawa. Ni ban zuwa ko'ina, a tsakar gida nake yi. Muna da lemun tsami guda a bayan kicin. Kwanaki na ga wani abu a kan ganye, baƙi-baƙi da fari a tsakiya, na ɗauka kashin tsuntsu ne, har na kai tsinke zan kaɗe sai ya motsa. Na bar shi. Bayan 'yan kwanaki ya saɓule wannan fatar ya zama kore shar, ƙato, kai ka ce ba shi ba ne. Khalil ya taɓa shi da kara, sai ga wani abu mai reshe biyu ruwan goro ya fito daga bayan kansa, da wani wari mai hawa kai. Yaro ya zubar da karan ya ruga.

Na yanko reshen na sa a babbar roba, na rufe da tsohon gidan sauro, kullum ina sa sabon ganye ina zubar da kashin. Ya daina ci, ya kama reshe, ya ɗaura wa kansa wani siririn zare a tsakiyar jiki ya jingina, ya ƙandare. Kusan mako biyu babu motsi, maigida har yana cewa in zubar da mushe. Wata safiya ina dama koko Khalil ya ƙwala min kira. Ya fito, yana rataye, fiffiken a cukurkuɗe a jiƙe. A gabanmu suka riƙa miƙewa a hankali har suka baje, baƙi da ɗigo-ɗigon rawaya, da wani ido mai ja da shuɗi a na baya. Ya fi awa yana nan bai tashi ba. Na ɗauka ta gaba, na ɗauka ta gefe, har na gaji. Sannan na buɗe ya kama gabansa.

Zainab Jos:
Anti, don Allah turo mana! Papilio demodocus ke nan. Wanda ya fito yanzu-yanzu ai babu kamarsa, ko ƙwarzane babu a fiffike.

Ɗan Fadama:
Ni fa ina ta kallonku ne kawai. Hajiya, kin ciyar da ɓarawon lemonki da hannunki, kin kuma sake shi ya je ya haifo wasu. Mu da muke noma a Kadawa, tsutsa ba abin hoto ba ce. Wanda ya ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016 ba zai zauna yana yaba fiffike ba. Gona guda cikin 'yan kwanaki ta koma kamar an babbake. Ga ta masara da ta shigo a shekarar, har yau muna fama. Ku zo ku ɗauki hoton wannan.

Malam Habu Samaru:
Ɗan Fadama, Allah ya mayar da alheri, na ga wannan shekarar da idona kuma ba abin wasa ba ce. Amma ka kama wanda ba shi ya yi ba. Sharon, wato Tuta absoluta, da tsutsar masara mai shiga cikin kunne, da mai huda furen wake, da ƙaramar nan mai cin kabeji, duk 'ya'yan faɗa-wuta ne, masu yawon dare. Dangi ne na nesa, amma ba su ne muke magana a kai ba. Ka dubi ƙahonnin nan biyu sirara da ke kai: na malam-buɗe-littafi suna da ɗan kulli a ƙarshe, na faɗa-wuta ba su da shi. Kuma namu yawanci yana haɗe fiffike a sama in ya zauna, wancan yana kwantar da su a bayansa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, na lemo da Hajiya ta raina yana ɓarna. Babbar bishiya ba ta jin sa, amma mai renon dashen lemo a leda zai iya wayar gari ya ga sanduna. Maganinsa a ƙaramin lambu tsincewa da hannu, tunda tsutsar babba ce ana ganinta. Sauran kuwa, me suke ci? Tafasa, tumfafiya, anza, ciyawa. Ban ga manomin da ya yi kuka an cinye masa tumfafiya ba.

Ɗan Fadama:
Malam, na ji. Amma tafasa ai miya ce.

Maman Khalil:
Kwaɗo ma ake yi da ita. Amma wadda ke bayan gari ta ishe mu mu da su.

Nura Mai Hoto:
Tunda an zo maganar samun sa a zaune, bari in ba ku sirrin da masu sana'a ke yi, ku huta da birgima cikin raɓa. Ka kama shi da raga, ka sa a ambulan ko roba, ka jefa firji minti kaɗan, ba wajen ƙanƙara ba. Zai yi laushi. Ka fito da shi ka ɗora a kan furen da kake so, inda haske ya yi maka, ka ɗauki abinka. Da ya ji ɗumi zai tashi. Babu wanda ya mutu.

Bashir Gombe:
Wannan dabarar sai unguwar da ke samun wuta.

Zainab Jos:
Haba Yaya Nura. Wannan ba hoton halitta ba ne, shiri ne. Kuma "babu wanda ya mutu" ɗin nan ban yarda ba. Garin da ke manne maka a yatsa in ka kama shi, shi ne launin, ƙananan ɓawo ne jere a kan fiffike, kuma in sun goge ba sa sake fitowa. Ƙafafunsa ma saurin cirewa gare su. Ka sake shi ya tashi, ka ce lafiya lau, ba ka san yadda ya ƙare ba.

Nura Mai Hoto:
Masu bincike ba kama su suke yi su soke da allura su jera a akwati ba? Su ba ki ce musu komai ba sai ni?

Zainab Jos:
Su suna ajiye shaida ne da za a yi shekara ɗari ana amfani da ita. Kai kuma don a danna maka alamar so.

Ustaz Kabiru:
A yi haƙuri in ce wani abu. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ban ce hukuncin ɗaya ne ba, ni ba mai fatawa ba ne. Amma wahalar da mai rai don nishaɗi kawai abu ne da mutum zai yi wa kansa tambaya a kai.

Nura Mai Hoto:
Ustaz, to ita Maman Khalil da ta tsare nata mako biyu a roba fa?

Maman Khalil:
Ni da nake yanko masa ganye safe da yamma? Da na bar shi a bishiya ma da tuni maigida ya fesa masa magani.

Malam Habu Samaru:
Nura, bar batun tausayi, zo mu yi maganar sana'arka. Hoton firji ana gane shi. Ƙafafun ba sa kama furen da kyau, sai ka ga an jingina shi ne. Ƙahonnin a sunkuye. Bakin nan mai naɗewa ba ya cikin furen. Sannan mai shiryawa yakan zaɓi fure mafi kyau a lambu, ya ɗora irin da ba ya shan fure sam. Wanda ya sani yana gani zai yi dariya.

In kana so su zo su zauna maka da ƙafarsu, akwai hanya. Nemi ayaba da ta nuna har ta yi baƙi, ka dame ta da ɗan sukari, ka rufe ta kwana biyu a rana har ta fara tsami. Ka shafa a kututturen bishiya a inuwa, daidai tsayin ƙirjinka. Manyan nan masu ƙarfin tashi da ke zama can ƙololuwar bishiya, dangin Charaxes, ba fure suke bi ba: ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, ruwan da ke tsatsowa daga jikin bishiya, da kashin dabbobi. In suka sauka a kan ayabar suka fara sha, sai ka ga dama. Da yamma kuma mai kama da busasshen ganye, Melanitis leda, zai zo.

Ta biyu, mashaya. Je inda shanu ke shan ruwa, inda laka ta haɗu da fitsari. Da hantsi za ka ga farare da rawaya sun taru a wuri ɗaya, fiffike a tsaye, suna tsotson ƙasa. Gishiri suke nema, kuma kusan duk maza ne. A gida ma za ka iya: jiƙa yashi a faranti, barbaɗa gishiri kaɗan, ajiye a rana.

Nura Mai Hoto:
To Malam, tsakani da Allah, ayaba ba shiri ba ce? Ni na sanyaya shi, kai ka bugar da shi da tsami. Meye bambancin?

Malam Habu Samaru:
Bambancin shi ne nawa in ya ga dama ya tashi. Amma tambayarka tana kan hanya, akwai masu ɗaukar hoto da ko ayabar ba sa yarda da ita. Ni dai abin da nake cewa, in ka sa hoton ka faɗi yadda aka yi.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma ban da gugar zana. Wanda zai turo hoto ya rubuta gari da wata.

Baban Ilham:
Na je yau bakwai da kwata. Malam, maganarka dutse. Na sami wani a ƙasa kan hanya, baƙi da tabo shuɗi mai ƙyalli a kowane fiffiken baya. Na matsa ya tashi, na ce shi ke nan, sai ya yi ɗan zagaye ya dawo daidai inda ya bari. Na zauna a wurin, ya tafi ya dawo, har na samu. Ga shi. Matsala ɗaya, wani dattijo ya tsaya yana tambayata ko filin nake aunawa, wa ya aiko ni.

Zainab Jos:
Ma sha Allah, ya fita! Junonia oenone ne. Namiji ne yake gadin wurinsa, shi ya sa yake dawowa.

Bashir Gombe:
Maganar dattijon nan kada a ɗauke ta wasa. A halin da ake ciki, baƙo ya durƙusa a bayan gari yana ɗaukar hoto, dole a tambaya. In gonar mutane ce ka yi sallama, ka nemi mai ita, ka nuna masa abin da ke cikin wayar. In ƙauye ne ka fara da mai unguwa. Dajin da aka san ba lafiya kuwa, ko wane iri ne a ciki a bar shi.

Sai takalmi. Ina ganin ana ta cewa a kwanta a ciyawa da sassafe. Mu nan mun san kububuwa, ba a banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, kuma da damina da lokacin girbi aka fi kai mutane. A sa takalmi rufaffe da dogon wando, a buga ciyawar da sanda kafin a durƙusa. Silifas ba na wannan aikin ba ne.

Zainab Jos:
Gaskiya ne Yaya Bashir. Mu ma in za mu dajin Amurum da ke Laminga, ba a shiga sai da rufaffen takalmi.

Ina da roƙo ga kowa. Duk wanda ya ɗauka, ko bai yi kyau ba, ya sa a manhajar iNaturalist. Kyauta ce, za ta ba ka hasashen suna, sannan masana su tabbatar ko su gyara. In a gida ka ɗauka akwai inda za ka ɓoye ainihin wurin. Ku buɗe taswirarta ku gani, wajen Legas da Ibadan ɗigo ya yi yawa, namu yankin fayau. Najeriya tana da iri fiye da 1,000, mafi yawa a dazuzzukan kudu irin na Kuros Riba, amma namu na arewa ma ba a rubuta inda suke da lokacin fitowarsu yadda ya kamata ba. Babban littafin da ake dogaro da shi, Butterflies of West Africa na Torben Larsen, tun 2005 ya fito, da iri kusan 1,500 a ciki, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibi.

Abin da ya sa na dage da wata: akwai wani a nan Filato, Precis octavia. Wanda ya fito da damina ja-ja ne mai ruwan goro da baƙin gefe. Wanda ya fito da rani shuɗi ne mai duhu da jan ɗigo. Iri ɗaya, har an daɗe ana ɗaukarsu iri biyu. In ba ka rubuta wata ba, rabin labarin ya tafi.

Kuma ku shirya wa Oktoba. Akwai Vanessa cardui, matsakaici, ruwan goro da baƙi da farin ɗigo a ƙarshen fiffike, ƙasansa da ƙananan idanu jere. Daga Turai yake tasowa, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya sauka a yankinmu daidai ƙarshen damina lokacin da ciyawa take kore, ya yi ƙwai. Masu bincike biyu daga Sifaniya, Gerard Talavera da Roger Vila, sun bi sawunsa a 2014 a Chadi da Benin da Senegal da Habasha, suka tarar da shi da tsutsotsinsa da yawa. Jikokinsa ne ke komawa arewa daga baya. Shi Talavera ɗin ya taɓa tsintar wasu a bakin teku a Guyana ta Faransa, Kudancin Amurka, a Oktoban 2013, fiffike duk a yage. Sai a 2024 suka fitar da sakamakon cewa daga Afirka ta Yamma suka taso, suka ƙetare Tekun Atilantika, kilomita 4,200 aƙalla.

Isuhu Maraɗi:
Ikon Allah. Ke nan ta bisa kanmu suka biyowa kahin su kai gare ku. To ni za ni riga ku ganin su. In na ga mai yagaggen fiffike in ɗauka ko in bari sai mai kyau?

Zainab Jos:
Shi ma za ka fi ɗauka, Malam Isuhu. Wanda ya koɗe ya yage, alama ce ya sha tafiya. Wanda yake sabo fil, a nan aka haife shi. Duka biyun ana so, da kwanan wata.

Maman Khalil:
Baba, me zan shuka su riƙa zuwa gidan? Wata maƙwabciya ta ce in sa lantana.

Malam Habu Samaru:
Suna son ta ƙwarai, amma baƙuwa ce mai mamaye wuri, tsuntsaye na yaɗa irinta, kuma ganyenta na cutar da dabbobi. In dole ne, a tukunya, ki riƙa cire 'ya'yan. Ziniya ta fi miki sauƙi, daga iri take fitowa, tana jure rana, furenta a buɗe yake suna samun wurin tsayawa. Ki bar tafasa biyu-uku a lungu kada a nome. Kuma a daina feshi a tsakar gida, in ba haka ba duk aikin banza ne.

Ɗan Fadama:
Ni dai har yanzu ban ga abin da za a ci a ciki ba. Amma gaskiya a bakin kwatar da ke gefen gonata, inda shanun Fulani ke sauka, abin da Malam ya faɗa ina ganinsa kullum, farare cunkus a kan laka. Ban taɓa tsayawa ba. Nura, in kana so ka zo da wannan kyamarar taka ka gwada ba tare da firji ba, mu ga ƙarshen cika baki.

Nura Mai Hoto:
Na karɓa. Asabar da safe in Allah ya kai mu. Baban Ilham, ka zo da wayarka mu tafi tare, a jera hotunan a nan jama'a su yi alƙalanci.

Ɗan Fadama:
Ku zo Alhamis. Juma'a da sassafe zan yi wa wake feshi, kuma gonar a bakin kwatar take.

Nura Mai Hoto:
Alhamis ina da kamu a Gwammaja, tun safe za a fara kwalliyar amarya. Ba za ka ɗaga feshin zuwa Lahadi ba?

Ɗan Fadama:
Waken ya fara fure. Laraba ko Alhamis, zaɓi ɗaya.